Loctite 243 a kan notin sifiroket: inda yake aiki da inda kuɗinka zai tafi a banza

Duk garejin babura da ka leƙa a Agege ko Igando ko Okokomaiko, da wuya yini ya wuce ba a turo mashin da ƙorafi iri ɗaya ba: "Oga, notin nan na gaba ya sake kwancewa, shekaranjiya fa aka ɗaure shi." Notin da ake magana a kai shi ne wanda ke riƙe da ƙaramin sifiroket, ƙarfen nan mai haƙora da ke maƙale a bakin sandar da ta fito daga cikin inji, wanda shi ke jan sarƙa. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, masu sana'ar da yawa suka koma hanyoyin cikin unguwa, inda rami ke bin rami, ruwa ya kwanta, yashi ya cika kwata. Hanya irin wannan tana girgiza kowane noti da ke jikin babur, kuma na sifiroket ne ya fi shan wahala.

Maganin da ake yawan ba mutane shawarar saya shi ne ruwan kulle noti, wanda ya fi suna kuma shi ne Loctite 243, shuɗin nan da ke cikin jar kwalba. Hukuncina a kansa tun daga farko shi ne: kaya ne na gaske, ya cancanci kuɗinsa, kuma ya kamata a same shi a akwatin kowane bakanike. Amma ciwo ɗaya tak yake warkarwa, wato notin da girgiza ke juyawa. Idan sanda ta cinye, ko washa ta mutu, ko sarƙa ta yi tsauri, ko kwalba guda ka juye a kai notin zai sake kwancewa. Mafi yawan waɗanda ke cewa "na sa bai yi ba" a nan suka faɗa.

Abin da ke cikin kwalbar ba gam ba ne irin wanda muka saba. Wani farfesan kimiyyar sinadarai a Amurka, Vernon Krieble, shi ya fara haɗa irin wannan ruwa a 1953, kamfanin Henkel na Jamus kuma ya mallaki sunan Loctite gaba ɗaya a 1997. Sirrinsa shi ne ba ya bushewa muddin yana samun iska. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, iska ta yanke masa, sannan ya daskare ya zama roba mai tauri da ta cike duk wani gurbi da ke cikin tiredi, wato zaren da aka yanka a jikin noti. Wannan gurbin ne matsalar tun asali. Komai ƙarfin ɗauri, namijin noti da macensa ba sa haɗuwa ko'ina, akwai 'yar rata da ke ba su damar motsi gefe da gefe. Wani injiniyan Jamus, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa irin wannan motsi na gefe ne ke kwance noti, ba ja daga sama ba. In aka toshe ratar, an toshe hanyar motsin.

Saboda haka ne za ka sayi kwalbar ka ga kamar an sha rabi. Ba a cuce ka ba. Iskar da aka bari a ciki ita ke hana ruwan daskarewa kafin ya iso hannunka. Haka kuma in ka ɗaura noti, gobe ka ga ragowar da ta tsatso waje tana nan da danshinta, kada ka ce bai kama ba. Na waje yana shan iska, ba zai taɓa bushewa ba. Goge shi da tsumma kawai.

Kafin a buɗe kwalba sai an san irin ɗaurin da ke jikin mashin ɗin, domin ba ɗaya ba ne. A Bajaj Boxer da yawancin baburan da aka ƙera a kan tsarin Honda CG, akwai 'yar faranti ta ƙarfe da ake zurawa a kan sanda, a ɗan juya ta ta faɗa cikin wata tsaga, sannan a ɗaure ta da sifiroket da ƙananan notuna biyu masu kaurin milimita 6, waɗanda sufana mai lamba 10 ke kamawa. A wannan tsari notunan ba sanda suke shiga ba, jikin sifiroket suke shiga. Shi ya sa ko an ɗaure su tam, in ka kama sifiroket ɗin da hannu za ka ji yana ɗan rawa kaɗan. Haka aka ƙera shi. Yaran gareji da yawa suna ganin wannan rawar sai su ƙara ɗauri har kan notin ya tsinke, alhali notin M6 na gama-gari, wato mai kaurin milimita 6, bai wuce a ɗaure shi da Nm 10 zuwa 12 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba, abin da wuyan hannu kaɗai ke bayarwa da gajeriyar sufana.

Tsari na biyu shi ne babbar macen noti guda a bakin sanda, da washa mai kunne da ake lanƙwasawa ta rungume gefen notin. Ana samunsa a Yamaha da manyan babura da dama. Na uku kuwa namijin noti ne guda da ke shiga cikin tsakiyar sanda, ƙarƙashinsa akwai washa mai doro kamar murfin kwano. Wannan shi ne tsarin KTM da Husqvarna, kuma shi ya fi kowanne suna wajen kwancewa.

Don a gane dalili, yana da kyau a duba inda abin ya fi tsanani, wato baburan dusar ƙanƙara na arewacin Amurka da Kanada. Can ana ɗaukar babur ɗin tsere mai inji 450, a cire tayar baya a maye gurbinta da faffaɗan bel mai ƙusoshin roba irin na katafila, a cire ta gaba a sa faifan zamiya. Kamfanin Timbersled na jihar Idaho, wanda Polaris ta saya a 2015, yana cikin waɗanda suka fi suna a wannan haɗi. Injin da aka yi don ya juya taya ɗaya yanzu bel mai nauyi yake ja cikin ƙanƙara mai zurfi, maƙure da wuta na tsawon lokaci. Bel ɗin ya yi tsalle ya juya a iska, ya sauko ya cafki ƙasa, kowane cafka kuma duka ne a kan ƙaramin sifiroket. Masu irin wannan babur sun saba da ganin notin ya kwance ko da an sa masa ruwan kulle, kuma abin da ke faruwa a jikinsa shi ne daidai abin da ke faruwa a babur ɗin ɗan dispas da ke yini tsakanin gosulo da ramukan Ikorodu, illa dai can ya fi sauri.

Ga yadda yake. Sifiroket yana zaune ne a kan haƙoran sanda, kuma dole akwai 'yar tazara tsakaninsu, in ba haka ba ba zai shiga ba. In ka tsaya a hagun babur, sanda tana juyawa ne saɓanin hannun agogo. Lokacin da ka murɗa totur, sanda ta yi gaba, sifiroket ya ɗan ja baya gwargwadon tazarar nan, sai ya goga wa washa ta ɓangaren ɗauri. Da ka saki totur ko ka rage giya, taya ce ke tura inji, sai sifiroket ya koma ɗaya gefen, ya goga wa washa ta ɓangaren kwancewa. Noti kuma ya fi sauƙin kwancewa a kan ɗauruwa. Saboda haka kowace murɗa da saki tana cin ɗan abin da ido ba ya gani, kuma a yini ɗaya na aikin Legas ana yin wannan ba adadi. Idan tazarar ƙarama ce, ruwan kulle zai riƙe. Idan haƙoran sun cinye har sifiroket yana kai-komo sosai, ƙarfin da ke murza washa ya fi ƙarfin kowace roba.

Don haka gwaji na farko ba ya buƙatar ko kwabo. Cire murfin sifiroket, sassauta sarƙa ka sauke ta, sa mashin a giya, ka kama sifiroket ka juya shi gaba da baya. Ɗan motsi da kake ji a yatsa amma da ƙyar ido ke gani, wannan lafiya ne. In kuwa yana ƙwanƙwasa, kana ganin haƙoransa na waje suna tafiya kafin sanda ta motsa, akwai abin da ya cinye. Zare shi ka duba. Jan gari mai kama da barkono a kan sanda alama ce ta ƙarfe yana cin ƙarfe a bushe. Dubi haƙoran sandar da kyau a hasken rana: na lafiya kansu a faɗaɗe yake, gefensu a miƙe; wanda ya cinye ya yi tsini ko ya yi mataki a daidai inda sifiroket ke zama. Sai ka kawo sabon sifiroket mai kyau ka zura. In rawar ta ɓace, ka yi sa'a, tsohon sifiroket ne ya mutu. In tana nan, sanda ce, kuma gyaranta na gaskiya sai an raba inji biyu.

Akwai ɗan sassauci ga wanda ba shi da halin raba inji yanzu. Loctite 660, wani mai kauri ne kamar man goge baki, an yi shi ne don cike gurbin sanda da ta ɗan cinye, yana cike har kusan rabin milimita. A kan haƙoran sanda ake shafa shi, ba a kan tiredi ba. Yana iya ƙara wa mashin kwana, amma ban ɗauke shi gyara ba, jinkiri ne kawai, kuma ranar cire sifiroket sai an nemi abin zaro.

Abu na biyu da za a duba shi ne washa ko faranti. Washa mai doro sifirin ce: doron ne ke danna sifiroket a kan zoben da ke bayansa, zoben kuma ya danna wata 'yar robar da ke hana baƙin mai fitowa. Ajiye ta a kan gilashi ko wani ƙarfe mai santsi kusa da sabuwa. In ta baje ta kwanta, aikinta ya ƙare, ko da notin bai juya ko kaɗan ba. Mutum zai ga sifiroket yana rawa, baƙin mai yana tsatsowa ta bayansa, ya ɗauka noti ne ya kwance, alhali washa ce ta gaji. Haka kuma sifiroket ɗin da ba na asali ba wani lokaci yakan fi na asali siranta da ɗan kaɗan, sai kan noti ya tokare da bakin sanda kafin washa ta danne shi yadda ya kamata. Awon kauri da abin awo na minti ɗaya yana warware wannan. A tsarin washa mai kunne, kunnen da aka lanƙwasa aka miƙe sau biyu ya riga ya tsage a ciki, sabuwa ake sawa kowane karo. A tsarin Boxer kuwa, dubi haƙoran cikin farantin. Su ne ke gogayya da tsagar sanda, kuma in suka yi siriri kamar reza, farantin na iya kuɓucewa da notunansa a ɗaure. Kuɗin faranti bai kai na kwanon abinci a buka ba, amma shi ake yawan mayarwa da tsohonsa.

Na uku ita ce sarƙa, kuma a nan ne laifin ya fi yawa a Legas. Masu acaba da dama suna son sarƙa ta yi tsam saboda kada ta yi ƙara a cikin kwanonta. Ana ɗaure ta mashin yana kan jak ba kowa a kai, sai a ɗora fasinja da buhun shinkafa, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya miƙe, sarƙa ta zama kamar tsirkiyar baka. Daga nan duk ramin da aka faɗa, sandar da ke riƙe da sifiroket ce ke amsawa, boris ɗinta ya fara kuka, sil ɗin da ke tare mai a kewayenta ya fara yoyo, sifiroket ya karkace yana tura faranti. Ga ƙananan babura masu sarƙa 428, sassaucin milimita 20 zuwa 30 a tsakiyar sarƙa ake so, amma a bi abin da aka rubuta a jikin mashin ko littafinsa. A juya taya a nemo wurin da sarƙar ta fi tsauri, a nan ake awo, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina. Sannan a sa mutum ya zauna a sake taɓawa. A tabbata alamomin da ke gefe biyu na gatarin baya sun yi daidai, don sarƙar da ke tafiya a karkace kullum tana tura sifiroket waje. Robobin da ke cikin cibiyar tayar baya ma a duba su. Su ke shanye fizgar tashi, in suka narke fizgar tana zuwa kai tsaye har kan notin gaba. Baburan ƙanƙara ba su da waɗannan robobin sam, yana daga cikin abin da ya sa nasu ya fi muni.

Idan duk waɗannan sun wuce lafiya, yanzu ne 243 zai nuna kansa, kuma yana nunawa. Sai dai yawancin aikin wanki ne. Kamfanin ya ce wannan samfurin yana jure ɗan maiƙo, kuma gaskiya ne ya fi tsohon 242 haƙuri, amma ɗan maiƙon da ake nufi shi ne irin wanda ke jikin sabon noti daga masana'anta. Ba a nufin baƙin kwaɓin giris da yashi da ke taruwa a bayan murfin sifiroket. A kankare tiredin noti da burushin waya har tsohon ruwan kulle ya fita duka. Ramin ma haka, in akwai abin yanka tiredi mai girman daidai a bi da shi a hankali don ya kwaso datti, ba don ya yanka sabo ba. A wanke da feshin wanke birki ko tina. Kananzir da gas ba su dace ba, suna barin santsi a jikin ƙarfe. In fetur kaɗai ke hannu, a yi da shi amma a bari ya bushe sarai, a nesa da wuta. Gwajin tsabta mai sauƙi ne: a murza notin cikin farin tsumma, in ya bar baƙi a sake wankewa.

A dubi notin kansa ma. Wanda aka taɓa ɗaurewa da bututu a kan sufana ya riga ya miƙe, za ka ga wuyansa ya ɗan rame ko tiredin ya buɗe a wuri ɗaya. Irin wannan ba ya sake riƙe ɗauri. A sayi sabo mai lamba a ka, 8.8 ko 10.9. Wanda kansa ba rubutu sau da yawa ƙarfe ne mai laushi, na ɗaure kujera ne.

Girgiza kwalbar sosai. Ga notin M6, ɗigo ɗaya a kan tiredi uku ko huɗu na farko ya isa. Ga M10, ɗigo biyu zuwa uku. Idan ramin mai toshewa ne a ƙarshe, kamar na tsakiyar sanda, a ɗiga a cikin ramin ma, a jikin bangonsa, domin iskar da noti ke turowa waje tana iya koro ruwan da aka shafa a jikinsa. Kada bakin kwalbar ya taɓa ƙarfe, in ya taɓa zai daskare a ciki ya toshe. Idan za a shafa giris a haƙoran sanda, kuma ya kamata a shafa ɗan kaɗan don hana jan garin nan, a yi shi da tsinke a hankali yadda ba zai kai ga tiredi ba. A ɗaure nan take, a kai ƙarfin da ake so a karo ɗaya. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne a dawo bayan rabin awa a ce bari a ƙara ɗan ɗauri. Robar ta fara kamawa, ka fasa ta, kuma ba ta sake haɗewa.

Wajen riƙe sanda kada ta juya, a mayar da sarƙa, a sa wani ya taka birkin baya. Tura sukudireba ko ƙarfe tsakanin haƙora da jikin inji yana fasa kwanon inji, kuma dogaro da giya kaɗai yana jibga nauyin a kan haƙoran cikin giyabos.

Sai jira, wanda shi ne babban aibin wannan kaya ga mai neman na yau. A kan ƙarfe yana fara kamawa cikin kamar minti 10, amma cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24. Wanda ke biyan balas kullum ba zai so jin wannan ba. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a yi aikin da yamma bayan an tashi, mashin ya kwana, da safe ya riga ya yi ƙarfin da za a fita da shi. Zafin Legas yana taimakawa a nan, domin ɗumi yana hanzarta daskarewa. Masu baburan ƙanƙara akasin haka suke fama da shi: a garejin da sanyi ya kai ƙanƙara ruwan yana iya kwana bai kama ba, sai sun ɗumama ɗakin ko sun fesa sinadarin da ke gaggauta shi, irin su Loctite 7649. Notin da aka yi wa farin rufi na zinki ko na ƙarfe mara tsatsa shi ma ya fi jinkiri a kan baƙin ƙarfe, ko da yake 243 yana kama su ba tare da wani share fage ba.

Game da ƙarfinsa, takardar kamfanin ta nuna cewa notin M10 da aka kulle da shi yana buƙatar kusan Nm 26 kafin ya motsa, kuma yana jure zafi daga digiri 55 ƙasa da sifili har zuwa 180 a ma'aunin Salsiyas. Gefen injin babur ba ya kai wa can. Kyawunsa shi ne sufana ta hannu tana kwance shi ranar canja sarƙa, ba sai an kawo wuta ba. Ga notunan faranti na Boxer da danginsa, da notunan babban sifiroket na baya masu milimita 8, da na madubi da na salansa da na ƙafar birki, ban san abin da ya fi shi ba.

Inda ba zan ba da shi ba shi ne notin tsakiyar sanda na manyan babura. Littattafan KTM na 'yan shekarun nan sun rubuta Nm 60 tare da Loctite 2701 ga wannan notin, shi kuwa 2701 mai ƙarfi ne, ajinsu ɗaya da ja irin su 263 da 271. Wanda ya sa shuɗi a nan, musamman a babur ɗin da ke shan wuya, ya rage wa kansa kariya. Amma mai ƙarfin yana da sharaɗi: ranar kwancewa sai an gasa kan notin zuwa kusan digiri 250, a kwance shi da zafinsa, kuma a sani cewa sil da robar da ke bayan sifiroket suna kusa, a tanadi sababbi. Kada kuma wani ya ce tun da ja ya fi ƙarfi bari ya sa shi a ƙananan notunan M6. Kansu zai tsinke ya bar gindin a ciki. Launi ma ba ya wadatarwa wajen saye, domin 2701 da 270 kore ne duk da ƙarfinsu, akwai kuma wani koren, 290, mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa a kan notin da aka riga aka ɗaure. Lambar ake karantawa.

Matsala ta biyu bayan jira ita ce jabu. Kaya ne mai tsada a ƙaramar kwalba, irin wanda masu kwaikwayo ke so. Ana samunsa a shagunan kayan masana'antu da kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo da Trade Fair, a kwalbar mililita 10 da 50 da 250, farashin kuma yana bin dala. In aka ba ka ta 50 a kuɗin da bai kai na ta 10 ba, ajiye ta. Duba lambar rukuni da ranar ƙarewa, su kasance an buga su sarai. Na gaske yana ƙyalli a ƙarƙashin tocilan shuɗin nan da ake duba takardar kuɗi da ita. Gwajin da ya fi duka kuwa shi ne a wanke baƙin noti da macensa, a ɗiga, a murɗa su da hannu kawai, a ajiye. Bayan rabin awa bai kamata yatsu su iya juya shi ba, gobe kuma sai da sufana, kuma in ya kwance za ka ga farin gari mai ɗan shuɗi a cikin tiredi. In ka tarar da ruwa har yanzu, ko jabu ne ko ya lalace.

Lalacewar ma tana faruwa da na gaske. Kamfanin ya ce a ajiye shi tsakanin digiri 8 da 21, kuma zafin da ya wuce 28 yana iya taɓa ingancinsa. Shagon kwantena a ƙarƙashin ranar Legas ya wuce haka nesa. Shi ya sa ga mai babur ɗaya ƙaramar kwalba ta fi, za ta yi masa ɗauri masu yawa kafin ta tsufa. Ta 50 ta gareji ce mai aiki kullum, ita ma a ajiye ta a inuwa, a ƙasa, ba cikin akwatin ƙarfen da ke yini a rana ba. A kiyaye kada ya zuba a kan robobin jikin mashin, yana sa wasu su tsattsage.

Dabarun da ake yi a madadinsa ba su kai shi ba ko kusa. Sufa gulu yana bushewa kamar gilashi, zafin inji da girgiza su farfasa shi cikin kwana kaɗan. Naɗa leda ko zare a tiredi yana sa noti ya ji kamar ya ɗauru alhali bai danne komai ba. Washa mai tsaga da ake kira sifirin washa, da an ɗaure ta ta baje ta zama washa kawai, irin gwajin Junker ya daɗe da nuna ba ta hana kwancewa. Mafi muni ita ce walda. Ana kai mashin wurin mai walda ya ɗiga wuta tsakanin sifiroket da sanda, a ce an huta. Zafin yana ƙona sil, yana taɓa boris, yana kashe taurin bakin sandar, sannan sifiroket abu ne mai cinyewa, bayan 'yan watanni dole a canja shi. Ranar nan sai a yanka da giranda, sau da yawa sandar ta tafi ke nan. Wanda aka ce masa a yi walda, ya tambayi kuɗin sabuwar sanda da na raba inji tukuna, don can zai ƙare.

Bayan an gama ɗauri, a ɗauki fenti ko jan farce a ja layi ɗaya siriri daga kan noti zuwa washa zuwa jikin sifiroket. A duba bayan fitar farko, a sake dubawa bayan mako. In layin yana nan a miƙe kuma sifiroket bai ƙara rawa ba, an gama, sai ranar canja sarƙa. In kan noti ya goce daga layin washa, notin ne ya juya: ko tiredi bai wanku ba, ko ruwan ya lalace, ko an fita da mashin tun bai kama ba, ko kuma wurin na mai ƙarfi ne aka sa shuɗi. In layin bai goce ba amma rawa ta dawo, ko aka ga jan gari ko ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin murfi, to notin bai yi laifi ba, ruwan ma ya yi aikinsa. A koma kan washa da kaurin sifiroket da haƙoran sanda.